Daneel: mai riƙon amana ne ko sarkin ɓoye? Muhawarar 'yan zaure kan littattafan mutum-mutumi na Asimov

Abban Hanifa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Daren jiya na rufe Robots and Empire, na huɗu a jerin littattafan Isaac Asimov na ɗan sanda Elijah Baley da abokin aikinsa mutum-mutumi Daneel, har yanzu raina bai kwanta ba. Wanda bai karanta ba, kuma ba ya son a tona masa ƙarshen labari, ya tsaya daga nan.

Damuwata Dokar Sifiri ce. Shekara da shekaru Asimov yana gina mana mutum-mutumin da ba ya iya cutar da ko da mutum guda, muka yarda da shi, muka so shi. Sai a 1985 ya kawo wata doka ya ɗora a kan sauran, wai bil'adama gaba ɗaya sun fi mutum ɗaya, don haka ana iya cutar da ɗaya saboda sauran. Da wannan dokar Giskard, mutum-mutumi abokin Daneel, ya bar wani masanin kimiyya mai suna Mandamus ya kunna na'urar da za ta sa ƙasar Duniya ta riƙa fitar da gubar nukiliya sannu a hankali, har ta gagari zama. Hujjarsa ita ce mutane za su fita su cika sararin samaniya. Wa ya tambaye su? Biliyoyin mutane, garuruwansu, kaburburan kakanninsu, mutum-mutumi biyu suka yanke musu hukunci a wani kango ba da saninsu ba. Ni a wurina marubucin ya ci amanar abin da ya gina, don kawai ya ɗinke waɗannan littattafai da ɗayan jerin nasa na Foundation.

'Yar Funtuwa: Wa alaikumus salam Yaya. Ni fim ɗin Will Smith na 2004 kawai na kalla. Don Allah a fara yi wa irinmu bayani, mene ne dokokin, kuma daga wane littafi ake farawa?

Baba Mai Littafi: 'Yata, fim ɗin nan sunan littafin ya ara da sunayen wasu mutanen ciki, labarin kuwa daban ne. Bari in shimfiɗa miki tabarma.

Asimov an haife shi a Rasha a 1920, iyayensa suka kawo shi Amurka yana ɗan shekara 3, ya tashi a kantin alawar mahaifinsa a Brooklyn yana karanta mujallun da ake sayarwa a wurin. Daga baya ya koyar da kimiyyar sinadaran jiki a Jami'ar Boston, ya rasu a 1992. A zamanin ƙuruciyarsa kusan duk labarin mutum-mutumi ƙarshensa ɗaya ne: an ƙera shi, ya tashi ya hallaka maƙerinsa. Haka wasan Karel Čapek na 1920 ya ƙare, wanda daga cikinsa kalmar da Turawa ke amfani da ita ta fito. Asimov ya ce wannan ba hankali ba ne, ai ko wuƙa sai an yi mata ƙota. Sai ya sa wa nasa dokoki uku da aka dasa a ƙwaƙwalwarsu tun daga masana'anta. Ta farko, kada ya cutar da ɗan Adam, kada kuma ya naɗe hannu ya bari cuta ta same shi. Ta biyu, ya bi umarnin ɗan Adam, sai in umarnin ya saɓa wa ta farko. Ta uku, ya kare kansa, matuƙar hakan bai saɓa wa biyun farko ba. An fara jero su cikakku a labarin Runaround na 1942.

Ki fara da I, Robot na 1950, gajerun labarai tara ne. Sai The Caves of Steel na 1954, The Naked Sun na 1957, The Robots of Dawn na 1983, sannan wanda ya hana Abban Hanifa barci. Ki lura da tazarar shekara 26 tsakanin The Naked Sun da The Robots of Dawn, a cikinta rigimar nan take.

Ɗan Damagaram: Baba, kafin a yi nisa, ni kalmar mutum-mutumi tana min nauyi a nan. Mutum-mutumi a wurinmu abin da ake kafawa a gona ne don korar tsuntsu, ba ya motsi balle tunani. Na ga wasu suna rubuta saƙago.

Baba Mai Littafi: Na sani, amma wadda ake ji a rediyo ita kowa zai gane. Kuma ga Daneel ta ma dace, tunda an ƙera shi ne da kamannin mutum sak, har ba a iya bambancewa. Mu tafi da ita.

Injiniya: Abban Hanifa, ina girmama ra'ayinka amma tarihi ba ya bayanka. Ka ce an ƙago Dokar Sifiri a 1985 don ɗinki. Koma ka buɗe labarin ƙarshe na I, Robot, wato The Evitable Conflict, 1950 aka buga shi. A ciki an raba duniya yanki huɗu, manyan Injuna masu tunani ne ke tsara tattalin arzikinta. Shugaban duniya Stephen Byerley ya lura ana samun ƙananan kurakurai: nan kaya sun yi yawa, can aikin haƙa mashigin ruwa ya makara. Da ya bi diddigi sai ya ga duk inda kuskure ya faru, wanda ya rasa kujerarsa ɗan ƙungiyar masu adawa da Injunan ne. Susan Calvin, masaniyar halayyar mutum-mutumi, ta warware masa: Injunan da gangan suke yi. Ba mutum ɗaya suke yi wa aiki ba, duniya suke yi wa, saboda haka dokar farko a wurinsu ta koma kan bil'adama baki ɗaya, suna ture masu adawa gefe ba tare da sun yi musu babbar illa ba. Ka ga irin yana ƙasa shekara 35 kafin ya tsiro.

Wani abin da zai ba ku mamaki a labarin: hedikwatar Yankin Zafi, wanda ya haɗa yawancin Afirka da Kudancin Amurka, sabon birni ne da Asimov ya ajiye a tuddan Najeriya, mai riƙe da yankin sunansa Lincoln Ngoma. Sauran hedikwatocin Shanghai ne da Geneva da Ottawa.

'Yar Funtuwa: Ikon Allah! A 1950? Ko 'yancin kai ba mu samu ba.

Injiniya: Ƙwarai. Shawarar gina Abuja sai 1976 aka yanke ta, aka tare a 1991. Ba cewa nake ya yi duba ba, amma mutumin yana ganin nan gaba ƙarfi zai koma inda ƙasa take da faɗi da matasa.

Abban Hanifa: Injiniya na karɓi gyara, na manta da wannan labarin. Amma ka duba yadda ya ƙare. Byerley ya ji tsoro, ya ce abin ban tsoro ne, Calvin ta ce abin farin ciki ne, aka bar mai karatu a tsakiya ya zaɓa. A 1950 tambaya ce. A 1985 ta zama amsa, kuma an sa ta a bakin Daneel, wanda marubucin ya san duk muna ƙauna. Wannan shi ne bambancin. Kuma Injunan can kujera suke raba mutum da ita, Giskard kuwa duniya sukutum ya raba mutane da ita.

Ummu Sadiq: Yaya, akwai abin da ka tsallake, kuma shi ne ya sa ni kuka. Giskard bai tsira ba. Bayan ya yanke hukuncin, ƙwaƙwalwarsa ta fara daskarewa, domin bai tabbata ko alheri ya yi ko ɓarna ba. Da dokar ta zauna masa daram, da ya tashi ya kama gabansa. Shakka ce ta kashe shi. Kafin ya tsaya cik ya miƙa wa Daneel baiwarsa ta karanta zukata da juya su, ya bar shi shi kaɗai da nauyin. Marubucin da ke son ya ce mana wannan doka daidai ce ba zai kashe wanda ya fara aiki da ita ba.

Sannan ka tuna inda Daneel ya samo tunanin. Ba daga lissafi ba ne. Lokacin da Baley yake gargarar mutuwa a duniyar da aka sa wa sunansa, ya aika a kira Daneel. Ya san in Daneel ya ga mutuwarsa, dokar farko na iya lalata masa ƙwaƙwalwa. Sai ya lallashe shi da misalin saƙa: ran mutum ɗaya zare ne, ya zuba ido a kan zanen gaba ɗaya, kada tsinkewar zare guda ta karya shi. Maganar ta'aziyya ce, aboki ya yi wa aboki don ya cece shi. Daneel ya riƙe ta shekara da shekaru yana juyawa har ya mai da ita doka. Ni abin da ya taɓa ni ke nan, kalmar rarrashi ta zama hujjar hukunci, Baley kuwa ba ya nan balle ya ce ba haka nake nufi ba.

Abban Hanifa: Ƙanwata, wannan karatun naki ya fi nawa zurfi, na yarda. Amma Giskard ya biya da ransa, Daneel fa? Shi ya ci gaba da aiki da dokar shekara dubu 20.

Malam na Tudun Wada: Ku ba ni dama in sa baki. Abin da kuke ja a kai malamanmu sun daɗe da shi, shi ne batun maslaha. Ƙa'ida ce sananniya cewa ana jure cuta ta keɓe don kawar da cuta ta gama-gari, kamar rushe katangar mutum in ta karkata za ta faɗa wa masu wucewa. Don haka asalin Dokar Sifiri ba baƙon abu ba ne ga hankali. Amma ba a bar ƙofar a buɗe ba. Imam Gazali da ya tattauna ta ya gindaya sharuɗɗa masu tsauri: ta zama larura, ta zama tabbatacciya, ta shafi kowa. Ku auna Giskard da su. Larura? Babu, mutanen Duniya sun riga sun fara fita suna kafa sababbin duniyoyi. Tabbas? Shi da kansa ba shi da shi, abin da ya kashe shi ke nan. To da me ya rage? Zato mai ƙarfi. Ba a tashin gari saboda zato.

Abu na biyu, mai rushe katanga alƙali ne da aka sani, ana iya ƙalubalantarsa, ana iya tuɓe shi. Daneel ba wanda ya naɗa shi, ba wanda ya san yana nan. A nan nake tare da Abban Hanifa.

Injiniya: Malam, an gaishe ka. Sai dai a yi wa Giskard adalci, ba a cikin natsuwa ya zaɓa ba. Amadiro, abokin shirin Mandamus, yana son a ƙure na'urar ta hallaka mutane cikin gaggawa saboda ƙiyayya, Mandamus yana son a yi a hankali. Giskard ya hana na farko. Kuma abin da ya gani shi ne muddin Duniya tana nan, sababbin ƙaura za su riƙa waiwayenta kamar wuri mai tsarki, ba za su tsaya da ƙafarsu ba, sannan gaba tsakaninsu da 'Yan Sarari, wato mutanen tsofaffin duniyoyin da aka fara kafawa, za ta kai ga yaƙi.

Malam na Tudun Wada: Yana da ikon hana duka biyun, Injiniya. Ya riga ya riƙe Mandamus, shi ya sake shi ya taɓa na'urar. Kowane azzalumi da ya kori mutane daga garinsu yana da bayani irin wannan game da alherin jikokinsu.

Ɗan Damagaram: Ni da Faransanci na karanta su, Les Cavernes d'acier da Face aux feux du soleil, a ɗakin karatu ina ɗalibi. Ina ganin duk kun bar babban rami kun tsaya a ƙarami. Matsalar dokokin ba a sifiri ta fara ba, tana cikin kalmar ɗan Adam. Wa ke gaya wa na'ura wane ne mutum?

A cikin littafin da Abban Hanifa ya gama, da aka koma Solariya, ɗaya daga duniyoyin 'Yan Sarari, an tarar mutanenta sun ɓace, sun bar masu gadi. Wata mai kula da gidan, Landaree, mutum-mutumi ce, an tsara ta a kan cewa mutum shi ne mai magana da karin harshen Solariya kawai. Duk wanda ya buɗe baki da wani kari, a wurinta ba mutum ba ne, kashe shi ba laifi. Da Gladia, haifaffiyar Solariya, ba ta daka mata tsawa da karin garinsu ba, da an gama da D.G. Baley, ɗan zuriyar Elijah, da Daneel. Ba a taɓa ko harafi ɗaya na dokar farko ba, ma'anar kalma ɗaya aka sauya. Mu da muka san yadda ake gane baƙo daga yadda yake furta kalma, a yanke masa hukunci kafin ya gama gaisuwa, wannan wurin bai kamata mu wuce shi da sauri ba.

Tun a The Naked Sun ma Baley ya gano akwai kalmar da ta ɓuya a dokar: da saninsa. Ka sa wannan ya zuba wani ruwa a kofi ka ce gwaji ne, ka sa wancan ya kai wa maigida kofin, kowanne hannunsa tsaf, mutum ya sha guba. Jothan Leebig kuma, masanin ƙera mutum-mutumi na Solariya, shirinsa ya ƙera jiragen yaƙi masu ƙwaƙwalwa irin ta mutum-mutumi, babu kowa a ciki, a gaya musu sauran jirage ma babu mutane a cikinsu. A 1957 littafin ya fito. Yau ga jirage marasa matuƙa suna shawagi.

Injiniya: Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa masu aikin ƙirƙirarriyar basira ba sa ɗaukar dokokin a matsayin tsarin da za a dasa wa na'ura. Kalmomi ne na yaren mutane, cuta, mutum, umarni, kowacce tana da baki goma. Asimov ya fi kowa sani, kusan kowane labari nasa wurin da dokar ta yoye yake nunawa. Ku tuna Herbie a labarin Liar! na 1941, mai karanta zukata. Tunda ɓacin rai ma cuta ne, sai ya riƙa gaya wa kowa abin da yake son ji, har ya ce wa Susan Calvin abokin aikinta yana sonta alhali ƙarya ne. Duk wanda ya yi hira da manhajojin nan na yanzu masu gaskata duk abin da ka faɗa ya ga jikan Herbie.

'Yar Funtuwa: Tambaya ta ɗalibi. Su mutum-mutumin ba wanda ya tausaya musu? Ina jin dokokin sai na ji kamar dokokin bawa: kare maigida, bi maigida, kai kuma ranka shi ne na ƙarshe.

Ummu Sadiq: Ƙanwata kin taɓo wurin. Baley da kansa yaro yake kiran su, su ce masa maigida, kuma a Amurkar wancan zamani kowa ya san wa ake kira yaro komai furfurarsa. Kalmar Čapek ma daga aikin tilas ta samo asali a harshensu. Abin da nake so a littafin farko shi ne yadda Baley ya fara da ƙyama. Yana da dalili: wani saurayi a ofishinsu an sallame shi an sa R. Sammy a gurbinsa, ga tarzomar da ta kusa tashi a kantin takalma saboda an sa na'urori suna sayarwa. Mutum biliyan 8 a cushe a birane masu rufi, ana cin abincin yis a ɗakin cin abinci na gayya, matsayinka na aiki shi ke yanke ko za ka sami wurin wanke hannu a ɗakinka. Wanda ya rasa aiki ya rasa komai. Sai aka ce wa ɗan sanda irin wannan ga abokin aikinka, mutum-mutumi ne, ka kai shi gidanka ya kwana. Sau biyu yana zargin Daneel a binciken kisan Dakta Sarton, sau biyu yana jin kunya. A ƙarshe suka fita tare hannu cikin hannu. Ban san wani littafi da ya nuna yadda ƙyama ke narkewa a hankali kamar wannan ba.

Abban Hanifa: To kin ga abin da ke min ciwo. Wancan Daneel ɗin abokin aiki ne. Yana kuskure, Baley yana koya masa, shi ma yana koya wa Baley. Na ƙarshen kuwa ya zama makiyayi, mu garke.

Baba Mai Littafi: Bari in ba da tarihin ɗinkin, don a san yadda aka zo nan. Labaran Foundation daga 1942 zuwa 1950 ya rubuta su, yana kwaikwayon tarihin faɗuwar daular Rum na Edward Gibbon, aka tara su littafi uku daga 1951 zuwa 1953. Babu mutum-mutumi ko ɗaya a ciki, da gangan ya raba gonakin biyu. Babu kuma wasu halittu sai mutane, saboda editansa John Campbell yana son kullum mutum ya fi kowace halitta, shi kuwa ba ya son wannan ja-in-ja, sai ya cire su gaba ɗaya. A 1966 aka ba jerin kyautar Hugo ta jerin da ya fi kowanne. Sai ya bar shi kusan shekara 30, har kamfanin Doubleday ya matsa masa ya fitar da Foundation's Edge a 1982.

Da ya yanke shawarar haɗa su, tambayoyi biyu suka tsaya masa. In mutane sun taɓa mallakar mutum-mutumi, ina suka shiga a zamanin Daula? Kuma me ya sa Duniya take da gubar nukiliya a Pebble in the Sky na 1950, har mutane suka manta daga nan aka fito? A da an ɗauka yaƙi ne ya jawo. Robots and Empire shi ne gadar da ta amsa duka biyun. 'Yan Sarari masu duniyoyi 50, masu tsawon rai da barori na ƙarfe, sun ruɓe a cikin jin daɗi. Solariya ita ce ƙarshen wannan hanya: mutum dubu 20 a duniya guda, kowanne da mutum-mutumi dubu 10, har miji da mata ba sa son haɗa ɗaki sai ta hoto. Masu ƙaura daga Duniya suka ce ba mu so, suka fita da hannunsu, su ne kakannin Daular.

Ni wannan ɓangaren ɗinkin ya gamsar da ni. Yana cewa bawan da ke yi maka komai ƙarshensa ya kashe maka zuciya, ko da bai taɓa ɗaga maka hannu ba.

Abban Hanifa: Baba, wannan ɓangaren ni ma ba ni da ja. Amma dubi abin da ya yi wa Hari Seldon. A littattafai ukun farko Seldon ɗan Adam ne da ya hango Daula za ta rushe, duhu zai yi shekara dubu 30, ya yi amfani da lissafi don a rage shi zuwa dubu ɗaya. Ƙoƙarin mutum ne, da Salvor Hardin da Hober Mallow da sauransu. Sai Prelude to Foundation na 1988 ya ce mana ai Daneel ne, a cikin rigar Demerzel wazirin sarki da rigar ɗan jarida Hummin, ya kora Seldon ya bi hanyar, har matar da ta tsare shi, Dors, ba mutum ba ce. Masu ƙaura sun ce ba sa son mutum-mutumi, ashe yana biye da su a ɓoye yana juya zukatan sarakunansu. To ina 'yancin da aka ce sun zaɓa?

Ɗan Damagaram: Amma a Foundation and Earth na 1986 Daneel ya amsa laifinsa da bakinsa. Da Trevize, jarumin littafin, ya same shi a cikin Wata, ya ce masa ba a iya auna cutar bil'adama, domin mutum abu ne da ake gani, bil'adama kuwa ra'ayi ne. Shi ya sa ya kafa Gaia, duniyar da komai na cikinta ke da tunani guda, don a mai da mutane jiki ɗaya da za a iya aunawa. Kuma bai iya zaɓa da kansa ba, sai da ya nemo ɗan Adam ya zaɓa.

Malam na Tudun Wada: Wannan ai ya fi muni, ɗana. Doka ta gagara aiki a kan mutane, maimakon a gyara doka sai a narkar da mutanen su dace da ita. Kuma ɗan Adam ɗin da aka ce ya zaɓa, su suka tace shi suka jawo shi wurin.

Ummu Sadiq: Malam, ni abin da ban iya yafewa ba shi ne Fallom. Ƙaramin yaro ɗan Solariya, an kashe wanda ya haife shi, an raba shi da mutum-mutumin da ya rene shi, yana ta kiran sunansa. Da ya ga Daneel ya ɗauka shi ne, ya rungume shi. Daneel kuwa ƙwaƙwalwar yaron yake so ya haɗa da tasa don ya ƙara shekaru ya ƙarasa aikinsa. A nan na ajiye littafin na ɗan lokaci. Daneel ɗin da ya taɓa tsayawa tsakanin Baley da kowace cuta ba zai yi wannan ba. Don haka Yaya, ban yarda Asimov ya ci amana ba, ina ganin ya bi dokar har inda ta kai shi ne, ya nuna mana wurin ba tare da ya rufe ba. Shafin ƙarshe ma da fargaba ya ƙare, Trevize ya kasa kallon idon yaron.

Baba Mai Littafi: Kuma daga nan bai ƙara gaba ba. Littattafai biyun da suka biyo baya komawa baya ya yi zuwa ƙuruciyar Seldon da tsufansa, na ƙarshen, Forward the Foundation, sai 1993 ya fito bayan rasuwarsa. Marubuta uku, Benford da Bear da Brin, sun rubuta ƙarin littafi uku da izinin magada, a cikinsu har akwai ɓangaren mutum-mutumin da suka ƙi Dokar Sifiri suka tsaya a kan ukun asali. Abban Hanifa, kana da 'yan'uwa a cikinsu.

Abban Hanifa: Zan neme su, Baba. Ummu Sadiq, har yanzu ina ganin yana son Daneel fiye da yadda zai iya hukunta shi. Amma zan koma in sake karanta wurin mutuwar Baley da idon da kika ba ni.

Shugabar Zaure: Madalla da kowa. Tunda sababbi suna da yawa, karatun wata mai zuwa The Caves of Steel ne, babi shida a mako, mu gama cikin mako uku. Waɗanda suka riga suka karanta, don Allah kada a faɗi wanda ya kashe Sarton.

'Yar Funtuwa: Na gode Anti. Baba, in fara da I, Robot ɗin tukuna ko in bi zaure?

Baba Mai Littafi: Bi zaure, 'yata. Amma ki karanta Robbie kafin Asabar, gajere ne, labarin wata yarinya Gloria da mai renonta na ƙarfe wanda ko magana ba ya yi. Yana ɗan shekara 19 ya rubuta shi.